Gyaɗar da ta tsaya shar bayan ruwa ya ɗauke: gado ne ko albarkar wuri?

Manomi daga Gwadabawa

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da 'yan'uwa manoma da ke wannan zaure, tare da fatan an yi kaka lafiya. Gero da wake su ne babban aikina, amma shekara shida ke nan ina ware wani yanki na gonar tudu ina sa gyaɗa, wadda mu a nan muka fi sani da gujiya. Na rubuta gyaɗa ne domin kada 'yan'uwa na Kano da Zariya su ɗauka ƙwaruru nake nufi.

A daminar da ta wuce na yi shuka a makon farko na Yuli, tsiro ya fito da kyau, na yi noman farko da maimai a kan lokaci. Da gyaɗar ta cika da fure har ta fara sakin tsinken da ke shiga ƙasa, sai ruwa ya ɗauke mana kwana goma sha tara cur, a tsakiyar watan da muka saba ganin marka. Kafin mako na biyu ya ƙare, mafi yawan gonar takan naɗe ganye tun da hantsi, wani ganyen ma ya ƙone ya zube. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jefi-jefi a kan kunya ɗaya sai ka ga gindi guda ya tsaya shar, alhali na damansa da na hagunsa sun yi yaushi. Na bi na kafa kara kusa da kimanin gindi arba'in masu irin wannan hali, da kaka kuma na tuge su dabam na adana 'ya'yansu.

Irin da na shuka daga kasuwa na saye shi, tiya biyu a hannun mutum ɗaya, tiya ɗaya a hannun wani, na haɗe su. Tun wajen ɓara na lura cewa wasu ƙwayoyin jajaye ne, wasu kuma fatarsu fara-fara ce.

Tambayata ta farko: wannan juriya a cikin irin take, har in sa ran 'ya'yansu za su gaje ta in na shuka su baɗi, ko kuwa wurin da suka faɗa ne ya taimake su? Ta biyu: muna jin ana cewa masana suna aikin samar da iri mai jure fari, kuma tun ina yaro nake jin wannan magana. Me ya hana har yanzu a kawo mana irin da za a ce wannan fari ba ya taɓa shi? Ba da raini nake tambaya ba, so nake in fahimci inda wuyar take.

Malamin gona mai ritaya, Boɗinga

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi albarka da ka tsaya ka lura har ka kafa alama, domin da irin wannan lura ce kakanninmu suka samar da mafi yawan abin da muke shukawa. Daga bayaninka kaɗai ba za a yanke hukunci ba tukuna, amma akwai hanyar da za ka bi ka gane gaskiyar da kanka a cikin damina biyu ko uku.

Duk abin da ido ya gani a jikin shuka haɗin abu biyu ne, wato abin da ta gada da abin da wurin ya ba ta. Gonar tudu a ƙasarmu ba ɗaya take ba ko a tsakanin taku goma. Inda tsohon suri ya rushe, inda aka taɓa turke dabbobi, inda gawo ke zubar da ganye, da ɗan gangaren da ruwa ke tsayawa na sa'a ɗaya bayan an ɗauke, duk suna riƙe laima fiye da rairayin da ke kewaye da su. Haka kuma gindin da maƙwabcinsa bai tsiro ba yakan sha ruwan mutum biyu shi kaɗai. Da a ce korayen sun taru ne wuri guda, da kai tsaye zan ce maka ƙasa ce. Tunda ka ce a warwatse suke a kan kunya ɗaya, kuma irin naka gauraye ne, zaton gado ya yi ƙarfi.

Akwai wata ɗabi'a ta gyaɗa da ke taimakonka a nan. Gero iska ce ke kwasar garin furensa daga wannan kai zuwa wancan, shi ya sa ɗan gero ba lalle ya ɗauko uwarsa sak ba. Gyaɗa kuwa kanta take yi wa barbara, kuma yawanci furen ya gama wannan aiki kafin ya buɗe da safe, sai ɗan abin da ba a rasa ba wanda ƙudan zuma ke gaurayawa. Saboda haka kowane gindi yakan haifi mai kama da shi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ma'anar wannan ita ce, tiya ukun da ka haɗa taron dangogi ne mabambanta da ke zaune a buhu ɗaya ba tare da sun narke cikin juna ba, kuma zaɓe zai iya raba su. Amma in da tsantsar iri ɗaya ka shuka, ko ka shekara goma kana zaɓen mafi kyawun gindi ba za ka ƙaru da komai ba, domin duk bambancin da ka gani na wuri ne. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Johannsen ya tabbatar da haka tun 1903 da gwajin da ya yi a kan wake.

Hanyar gwajin ba ta bukatar na'ura. 'Ya'yan kowane gindi su samu layinsu su kaɗai, kuma in ƙwayar ta isa a raba ta biyu, a shuka rabi a wannan gefen gona rabi a wancan, domin kada albarkar wuri ta sake ruɗin ido. Bayan kowane layi biyar ka sa layin irin kasuwar da ba ka zaɓa ba, da layin wani sanannen iri, su zama ma'auni. Dangin da ya fi ma'auni a wurare biyun, kuma ya maimaita haka a damina ta gaba, shi ne mai gado na gaskiya.

Game da tambayarka ta biyu, ni abin da na koya a shekarun da na yi ina yawon gonaki shi ne, kalmar fari ɗaya ce a baki amma a gona uku ce. Akwai farin farkon damina, bayan tsiro kafin fure. Wannan gyaɗa tana iya jure shi na mako biyu ko uku, har yakan sa ta zurfafa saiwa, in ruwa ya dawo ta yi fure a tare. Akwai na tsakiya, irin wanda ya same ka. Gyaɗa takan fara fure wajen kwana 25 zuwa 30 bayan shuka, tsinken ya fito ya soki ƙasa, kuma a can ƙarƙashi ƙwanso ke ƙulluwa. In saman ƙasa ya bushe ya yi tauri ko ya yi zafi, tsinken ba ya shiga. Ko ya shiga, ƙwanson da kansa yake tsotsar sinadarin kalsiyam daga ƙasar da ke manne da shi, saiwa ba ta aiko masa da isasshe daga ƙasa can, don haka busasshiyar ƙasa ke haifar da ƙwanso fanko. Wannan na cikin dalilan da suka sa muke ba da shawarar takin Sufa ga gyaɗa, domin ban da fosfaras yana ɗauke da kalsiyam. Na uku shi ne ɗaukewar ruwa da wuri a Satumba, lokacin da ƙwaya ke cika.

A kewayen birnin Sakkwato ruwan shekara yakan kai milimita 600 zuwa 700 a matsakaiciyar damina, daga Yuni zuwa Satumba, kuma yana raguwa in an nufi Illela da Gada da Sabon Birni. Jimillar ta ishi gyaɗa mai saurin nuna, rabon ruwan ne ke ba mu wahala. Abin da masana suka fi cin nasara a kansa shi ne fari na uku, ta hanyar gajarta kwanakin shuka. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin gyaɗa mai suna SAMNUT 24 a 2011, wadda ke nuna cikin kwana 80 zuwa 90 kuma tana jure kuturtar gyaɗa, cutar da ke sa ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya. SAMNUT 23 takan ɗauki 90 zuwa 100, su kuwa SAMNUT 21 da 22 suna kaiwa wajen kwana 120, sun fi dacewa da inda damina ta fi tsawo, kamar kudancin Tambuwal da Kebbe zuwa ƙasa. Sai dai a fahimta, mai saurin nuna tsere wa fari take yi, ta gama kafin ya iso. In ya tare ta a tsakiya kamar yadda ya tare taka, tana iya shan kashi fiye da mai daɗewa, domin furenta a ɗan gajeren lokaci yake fitowa, in ya lalace lokacin ramawa kaɗan ne.

Dattijo daga Wurno

Jikana ne ke rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Ɗana na Gwadabawa, Allah ya ƙara maka basira. Malam na Boɗinga ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai inda zan ƙara, akwai kuma inda zan ɗan ja.

Ina saurayi lokacin da gyaɗa take kuɗi a ƙasar nan, ana loda ta a manyan motoci zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda inda jirgin ƙasa ke ɗauka, Kano kuma ana tara dala. Wadda iyayenmu suka fi shukawa a lokacin mai yaɗo ce, takan kwanta ta rufe kunya, tana daɗewa ƙwarai kafin ta nuna, tugunta kuma sai da fartanya. Sai farin 1973 ya zo, wanda duk mai shekaruna bai manta shi ba. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 ƙwarin darɓa suka sauka suka kawo kuturta, ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, gonaki suka tashi babu ko ta miya. A waɗannan shekaru mutane da yawa suka cinye irinsu saboda yunwa, wanda bai cinye ba kuma ya shuka bai girba ba. Da aka dawo noman gyaɗa daga baya, mai tsaye ce ta cika hannun mutane, musamman wadda ake kira 'yar Dakar, domin wata uku take yi. Mai yaɗon gidanmu tun daga nan ban ƙara sa ta a ido ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Ba na cewa ta fi ta yanzu a komai, domin da daminar yanzu ba lalle ta kai ga nuna ba. Amma tana da halaye biyu da na rasa. Na ɗaya, in ta nuna aka yi jinkirin tugewa kuma ruwa ya sake saukowa, ba ta tsirowa a cikin ƙasa, ƙwayarta tana barci sai ta huta. Mai tsaye kuwa in ruwan ƙarshe ya same ta bayan ta nuna, sai ka tuge ka tarar ta tsage ta fito da tsiro. Na biyu, in ruwa ya ɗauke a tsakiya takan lafe kamar ta mutu, da ya dawo sai ta sake sabon fure.

Inda zan ja shi ne maganar ware mafi kyau. A ware, ban hana ba, amma kada a zubar da sauran. Iyayenmu da gangan suke barin iri a gauraye, domin ba su san wace irin damina ke tafe ba. Shekarar da ruwa ya yanke da wuri mai sauri ta fid da su, shekarar da ya yi tsawo mai daɗewa ta cika rumbu. Wanda ya tsaya a kan iri ɗaya ya ɗora dukan kayansa a kan jaki ɗaya. Sa'an nan a riƙa tuna harawa. Mu nan kusan kowane gida akwai rago ko akuya, kuma a shekarar fari damin harawa yakan yi tsadar da wani lokaci shi ke mayar wa manomi kuɗin aikinsa. Gindin da ya riƙe ganyensa kore har kaka yana da daraja a wurina ko da 'ya'yansa ba su fi na wani ba.

Ɗaliba mai nazarin kimiyyar amfanin gona, Sakkwato

Ina gaida Baba na Wurno da Malam na Boɗinga, kuma ina neman izinin sa baki a gaban manya, domin tambaya ta biyu ta shafi abin da nake karantawa.

Wuyar farko a tarihin gyaɗar kanta take. Asalinta Kudancin Amurka ne, yankin kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina, kuma 'yan kasuwar Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Shekaru dubbai da suka wuce wasu gyaɗun daji biyu, Arachis duranensis da Arachis ipaensis, suka yi barbara, sandunan gadon ɗan da suka haifa suka ninka, ya tashi da sandunan gado (kuromosom) 40 alhali iyayensa 20 kowannensu ke da su. Wannan ninki ya raba shi da danginsa na daji, ya zama ba ya haɗuwa da su cikin sauƙi. Don haka duk gyaɗar da ake nomawa a duniya, ja da fara, mai tsaye da mai yaɗo, daga wannan ƙuntatacciyar ƙofa ta fito, kuma in aka duba ƙwayoyin gadonta sai a tarar bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne idan aka kwatanta da na gero ko dawa. Mai kiwon iri kuwa da bambanci yake aiki, ba ya ƙirƙirar abin da babu, haɗawa yake yi yana zaɓe.

Wuya ta biyu ita ce yadda ake gadon juriyar. Kuturtar da Baba ya ambata, wadda a 1975 ta lalata wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, an samo maganinta ne daga gyaɗar manoma ta iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa a shekarun 1950, kuma ƙwayoyin gado biyu kacal ke riƙe da wannan juriya. Abu mai ƙwaya biyu ana iya ɗaukarsa daga wannan iri a kai wancan, kuma haka aka yi har ya shiga cikin masu saurin nuna. Juriyar fari kuwa ƙwayoyin gado masu yawa ne suka yi mata taron dangi, kowace da ɗan ƙaramin tasiri, kuma wadda ta yi amfani a rairayin Gwadabawa tana iya zama marar amfani a laka. Ko bayan da aka karanta dukan kundin gadon gyaɗar daji a 2016 da na ta gida a 2019, ba a tarar da wata ƙwaya guda da za a ce ita ce makullin fari ba.

Masana sukan karkasa amfanin da shuka ke bayarwa a lokacin fari gida uku: yawan ruwan da ta iya zuƙowa, yawan jikin da ta gina da kowane ɗigo, da kason wannan jiki da ya tafi ga 'ya'ya maimakon ganye. A kowanne akwai bambancin gado a tsakanin ire-iren gyaɗa. Wata saiwarta ta fi zurfi, wata ganyenta ya fi kauri da duhun kore, wata kuma takan tsuke ƙananan ƙofofin ganyenta da tsakar rana in iska ta bushe, ta yi tattalin ruwan zuwa lokacin cika ƙwaya. Cibiyar ICRISAT mai binciken amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda hedikwatarta ke Patanceru a Indiya kuma take da tasha a Sadore kusa da Yamai, tana shuka gyaɗa a dogayen bututai cike da ƙasa, ana auna nauyinsu a kai a kai domin a san ruwan da kowace ta sha. Abin da ya fi jan hankalina a sakamakon irin wannan aiki shi ne, yawan saiwa kaɗai ba ya tabbatar da yawan 'ya'ya. Abin da ya fi tasiri shi ne shuka ta iske sauran ruwa a ƙasa a makonnin da take cika ƙwaya.

A nan nake roƙon Malam na Gwadabawa ya yi hattara da kore. Gindin da bai ɗauki 'ya'ya da yawa ba yakan daɗe shar, domin babu nauyin da ke tsotsarsa, kuma mai daɗewar da ta shigo cikin gaurayen takan fi kore saboda kawai ba ta kai lokacinta ba. Maganar Baba a kan harawa gaskiya ce, su ma masu bincike yanzu suna auna harawa tare da ƙwanso, amma a auna su dabam-dabam domin a san abin da aka zaɓa.

Shi kansa aikin haɗa iri biyu da hannu ake yinsa, fure ɗaya bayan ɗaya. Da yamma a buɗe tohon furen a cire sassan namiji da ɗan hantsaki, da sassafe a shafa masa garin furen uban da aka zaɓa. Daga nan sai an shuka zuriyar sau biyar ko shida kafin halinta ya zauna, sa'an nan gwaji a wurare da yawa na shekaru, wanda ke kai aikin ga shekara goma ko fiye. Kuma a shekarar da aka shirya gwajin fari ruwa yana iya sauka wadatacce, shi ya sa ake yin wani gwajin da rani ta hanyar ban-ruwa, inda mutum ke da ikon yanke ruwan a ranar da ya so.

Abin da ke ba ni fata biyu ne. Rumbun adana iri na ICRISAT yana riƙe da samfurin gyaɗa wajen 15,000 daga ƙasashe da dama, kuma an tace su zuwa 184 da ke wakiltar bambancin sauran domin a iya gwada su sosai. Sa'an nan a Senigal, ƙasar da 'yar Dakar ta fito da lambar 55-437, masu bincike sun haɗa irinsu mai suna Fleur 11 da wata gyaɗa da aka sake ƙerawa daga iyayen dajin nan biyu, domin a dawo da halayen da aka baro a daji. Baba, ba abin mamaki ba ne a ce dangin mai yaɗon gidanku suna nan a ajiye a ɗaya daga irin waɗannan rumbuna.

Mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, Sakkwato

Sallama gare ku duka. Ni ba manomiya ba ce, amma abin da kuka noma a hannuna yake ƙarewa, domin shekara goma sha huɗu ke nan ina matsar mai tare da mata shida. Tun kafin a gaya mini yadda damina ta kasance a wani gari, in na zuba hannu a buhu nakan gane. Gyaɗar da ruwa ya yanke wa a ƙarshe ƙwayarta takan motse, fatarta ta yamutse, mai ya ragu, kuma a ciki ake samun masu ɗaci da masu funfuna.

A wani taron horarwa da na halarta aka bayyana mana cewa wannan funfunar tana haifar da guba mai suna afulatoksin, kuma tun a cikin ƙasa take kama gyaɗa in fari ya same ta a makonnin ƙarshe ƙasa kuma ta yi zafi. Suya ba ta kashe gubar, ta fi zama a tunkuza fiye da mai, wato a cikin ƙuli-ƙulin da yaranmu ke ci da wanda ake dakawa a yaji da kwaɗo, kuma hanta take illatawa. Tun daga ranar ba na soya gyaɗa sai mun baza ta a faifai mun tsince motsattsu da masu sauyin launi, ko da hakan yana cin mana lokaci da riba.

Don haka roƙona ga Malam na Gwadabawa shi ne, in ka zo auna layukan nan kada ka tsaya a yawan ƙwanso. Ka ɓare mudu ɗaya daga kowane dangi, ka ga nawa ya ba ka na cikakkiyar ƙwaya mai santsi, nawa kuma motsattsiya. Dangin da ke cika ƙwayarsa duk da ƙarancin ruwa shi ne wanda mu masu saye za mu nema, kuma shi ne ya fi aminci ga cikin yara.

Manomi daga Gwadabawa

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba, Malam, Hajiya da Malama. Na ƙaru fiye da yadda na zata. Sai dai akwai kuskuren da na riga na yi: gindi arba'in ɗin nan ban raba su ba, a buhu ɗaya na zuba 'ya'yansu, kuma ban ƙirga abin da kowanne ya ɗauka ba. Abin da na tuna shi ne wasu sun yi nauyi a hannu, wasu kuma ganye ne kawai. Aikin ya ɓaci ke nan, ko akwai gyara? Ina kuma da ɗan fili a fadama da nake yin albasa, ko zan iya amfani da shi in rage jira?

Malamin gona mai ritaya, Boɗinga

Bai ɓaci ba, Malam, damina ɗaya kawai ya ƙara maka, kuma filin fadamar zai iya mayar maka da ita. Ka zazzage buhun a tabarma ka fara rabawa da ido: masu ƙwaya biyu dabam da masu uku, masu tsukakken ƙugu dabam, masu ɗan baki a tsini dabam, fanko kuma a fitar. In ka ɓare kaɗan daga kowane kashi, launin fata zai ƙara raba maka su. Mai yiwuwa ka tashi da kashi huɗu ko biyar, kuma kusan su ne dangogin da ke cikin irin naka.

Kada ka shuka a tsakiyar hunturu, domin sanyi yana hana gyaɗa tsiro da girma. Ka jira ya sassauta wajen Fabrairu, ka shuka ƙwaya ɗaya a rami, kowane kashi a fanginsa, ka ba su ruwa yadda ya kamata. Manufar wannan shuka ita ce ninka iri da sanin kwanakin kowane kashi, don haka ka rubuta ranar shuka, ranar fara fure, da ranar da cikin ƙwanso ya yi duhu. Wannan karon kowane gindi mai kyau a tuge shi a sa a jakarsa shi kaɗai da lamba. Gyaɗa ba ta ninkuwa da yawa, mudu ɗaya yakan ba da takwas zuwa goma ne kawai, saboda haka wannan zagaye na rani zai ba ka ƙwayar da za ta isa layi biyu-biyu da damina. In akwai mai daɗewa a ciki ka lura da ita, domin sabuwar ƙwayarta tana iya ƙin tsirowa in ba ta samu wasu makonni na hutu ba.

Ka bi shawarar Baba ka ajiye tiya ɗaya ta gaurayen asali kana sabunta ta, ka kuma nemi SAMNUT 24 ta hannun malamin gona na yankinku ko dillalin iri mai rajista domin ta zama ma'auninka. Duk abin da za ka ajiye ya bushe har ƙwaya ta riƙa kaɗawa a cikin ƙwanso in an girgiza, a bar shi da ɓawonsa a kan katako nesa da bango, kada a ɓare sai ana saura kwana biyu ko uku shuka.